Majami'ar Rosari ta Vence: Tambayoyi da Amsoshi kan Aikin Tsufan Henri Matisse

A garin Vence da ke kan tuddan kudancin Faransa, kimanin kilomita 20 daga birnin Nice, akwai wata ƙaramar majami'ar Katolika da ake kira Majami'ar Rosari (rosari shi ne carbin addu'ar Katolika), mai farin bango da rufin tayil fari da shuɗi, wadda shahararren mai zane Henri Matisse ya tsara komai nata, tun daga tagogi har zuwa rigar da fada, wato limamin Katolika, ke sakawa a gaban bagade, teburin da ake gudanar da ibada a kansa. Ya soma aikin yana da shekara 77, aka keɓe ta domin sujada yana da shekara 81.

Wane ne Matisse, kuma me ya sa ake mamakin ganin sunansa a jikin majami'a?

An haife shi ranar 31 ga Disamba, 1869, a garin Le Cateau-Cambrésis da ke arewacin Faransa, yankin da ya yi suna wajen saƙa. Shari'a ya fara karantawa, har ya yi aikin akawu a ofishin lauya, kuma bai taɓa riƙe buroshi da gaske ba sai da rashin lafiya ta kwantar da shi yana ɗan shekara 20, mahaifiyarsa ta kawo masa akwatin fenti domin ya rage zaman kaɗaici. Sunansa ya fito a 1905, lokacin da shi da abokansa suka baje zane-zanensu a Paris, wani mai sharhi ya ga zafin launukan ya kira su namun daji.

Abin mamakin shi ne, mutumin ya shafe kusan shekara 50 yana zana mata a zaune cikin ƙawatattun ɗakuna, da furanni, da jajayen kifaye a cikin kwalba, da masu rawa, da tagogi a buɗe suna kallon teku. An yi masa baftisma a Katolika tun yana jariri, amma ba a san shi da zuwa coci ba, kuma ba a san shi da zanen addini ba.

To, yaya aka yi aikin ya faɗo hannunsa?

Ta hanyar jinya. A watan Janairun 1941 aka yi masa babbar tiyata a ciki a birnin Lyon saboda ciwon daji, ya sha da ƙyar, har masu jinyarsa suka riƙa kiransa wanda ya tashi daga matattu. Daga nan bai ƙara samun cikakken ƙarfin tsayuwa ba, yawancin yininsa a gado ne ko a keken marasa lafiya. A 1942 ya nemi wadda za ta riƙa kula da shi da dare, sai wata ɗalibar aikin jinya mai shekara 21, Monique Bourgeois, ta amsa. Suka shaƙu, ya zana ta a hotuna da dama, ita ma ta riƙa nuna masa ɗan zanen da take yi.

A 1943 Matisse ya bar Nice ya koma Vence don gudun ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu. Monique kuwa ta shiga ƙungiyar sistocin Dominikan, wato matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci, aka ba ta suna Sista Jacques-Marie, kuma ƙaddara ta sa aka tura ta gidan jinya da sistocin ke gudanarwa a Vence ɗin, ba nisa da gidan da yake zaune. Ƙungiyar Dominikan ita ce wadda Waliyyi Dominik, mutumin Sifaniya, ya kafa, Paparoma ya amince da ita a 1216, kuma babbar ƙungiya ce mai rassa da yawa a duniya, har da sistocin da ke Gusau, ko da yake reshensu daban ne da na Vence.

Sistocin na Vence ba su da majami'a ta kirki, wani tsohon gareji mai yoyo suke amfani da shi. A 1947 Sista Jacques-Marie ta nuna wa Matisse zanen tagar gilashi da ta yi tana fatan a sa a sabon ginin da suke buri. A watan Disamba na shekarar wani matashin ɗan ƙungiyar, Louis-Bertrand Rayssiguier, mai sha'awar tsarin gine-gine, ya ziyarce shi, kuma kafin su rabu maganar taga ɗaya ta zama maganar majami'a sukutum. Fada Marie-Alain Couturier ya shigo a matsayin mai ba da shawara, aka tuntuɓi fitaccen mai tsara gini Auguste Perret, Paul Bony kuma ya yi aikin gilashin. An aza harsashi a Disamban 1949.

Me mutum zai gani idan ya shiga?

Ɗakin ƙarami ne, tsawonsa kusan mita 15, faɗinsa kusan 6, tsayinsa kusan 5. An yi masa kwana, ɓangare ɗaya na sistoci, ɗayan na sauran masu sujada, shi ya sa aka karkata bagaden a kusurwa domin fada ya fuskanci ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya. Da dutsen Rognes aka yi bagaden, an zaɓe shi ne saboda launinsa da huda-hudarsa sun yi kama da burodi, abin da ke tuna wa masu sujada gurasar Jibin Ubangiji. Daɓen farin marmara ne mai ƙananan ɗigo baƙaƙe.

A bayan bagade akwai tagwayen tagogi da ake kira Itacen Rai. A bangon kudu akwai dogayen tagogi 15, shida a wajen jama'a, tara a bayan kujerun sistoci. Sauran bangon an lulluɓe shi da farin tayil mai sheƙi, a kansa kuma akwai manyan zane uku da baƙin layi kawai: Waliyyi Dominik a tsaye, Budurwa Maryamu riƙe da Yesu yana yaro, sai Hanyar Gicciye. Gicciyen tagulla da ke kan bagade, da sandunan kyandir, da ƙofar ɗakin furta zunubi, duk shi ya tsara su. A kan rufi akwai siririn gicciyen ƙarfe mai tsayin mita 13, wanda aka yi wa ado da jinjirin wata da harsunan wuta masu ruwan zinariya.

Me ya sa launi uku kawai a tagogin, bangon kuma baƙi da fari?

Nan ne zuciyar aikin take. Tun yana matashi Matisse yake fama da matsala guda: idan ya ja layi ya zagaye siffa, layin yana takure launi, idan kuma ya saki launi ya yi yadda yake so, siffa tana narkewa. A Vence sai ya raba su gida biyu. Ya kwashe launi gaba ɗaya ya kai tagogi, ya bar wa bango layi tsura, sannan ya bar wa rana aikin haɗa su. Idan haske ya ratso gilashin, rawaya da kore da shuɗi suna zubowa a kan daɓe, suna hawa farin tayil, suna ratsa rigar Dominik da furannin da ke kewaye da Maryamu, kuma suna matsawa da tafiyar rana. Abin da mutum ya gani da hantsi ba shi zai gani da la'asar ba, na rani kuma daban da na hunturu. Shi kansa Matisse ya fi son a gan ta da ƙarfe 11 na safe a lokacin hunturu, sa'ad da rana ke ƙasa-ƙasa, haske ke shiga can cikin ɗakin.

Bai kai ga launi ukun nan a tashin farko ba. Tsarinsa na farko, wanda ya ɗauko daga siffar sabuwar Urushalima a littafin Ru'ya ta Yohanna, yana da launuka da yawa har da ja. Ya yi wani tsarin mai ƙudan zuma, shi ma ya janye shi, daga baya aka sa tagar a wata makarantar yara a garin haihuwarsa. A ƙarshe ya tsaya a kan ganye. Siffar da ke cikin Itacen Rai ta wani tsiro ne mai faffaɗan ganye da ƙaya da ke fitowa a busassun wurare, kuma duk wanda ya tuna cewa littafin Ru'ya ya ce ganyayen itacen rai na warkar da al'ummai ne, zai ga dacewar sa shi a majami'ar gidan jinya.

Akwai wata dabara da hoto ba ya nunawa. Rawayan gilashin an dusashe shi, haske yana wucewa amma ido ba ya wucewa, shuɗin da koren kuwa garau suke, har mutum yana hango motsin lambun da ke waje ta cikinsu. Saboda haka ido yana tsayawa a rawaya, ya fice ta shuɗi. Kuma ko da yake babu jan gilashi ko ɗaya, masu ziyara sukan ga wani haske mai kama da ruwan hoda ko shunayya a kan farin daɓe, wanda ido ne ke haifar da shi idan ya ƙoshi da kore da rawaya. Baƙi da farin bangon kuma sun dace da tufafin Dominikan, farar riga da baƙin mayafi, ta yadda sistocin da ke zaune a kujerunsu suke zama kamar wani yanki na zanen.

Yaya mutumin da ba ya iya daɗewa a tsaye ya yi aiki mai girman wannan?

A farkon 1949 ya koma masaukinsa na Otal Régina a Nice, inda manyan ɗakuna masu dogon bango suka ba shi damar gwada komai da ainihin girmansa. Ana manna takardu a bango, shi kuma ya ɗaure gawayi a bakin doguwar gora ya riƙa zane daga nesa, wani lokaci a tsaye, wani lokaci daga kan gado. Tsarin tagogin kuwa da almakashi ya yi shi. Mataimakansa, ƙarƙashin kulawar Lydia Delectorskaya, suna shafe faffaɗan takardu da fenti, shi kuma ya yanka siffofin kai tsaye ba tare da ya fara zana su ba, a riƙa maƙala su da allura a bango ana matsar da su har sai ya gamsu. Zanen da ke kan tayil ya bambanta, domin da zarar buroshi ya sauka babu gyara. Don haka ya riƙa maimaita kowace siffa a takarda har hannunsa ya haddace ta, sannan ya zana ta a kan tayil da sauri, aka kai aka gasa.

Me ya sa Hanyar Gicciye ta fita daban da sauran zanen?

Hanyar Gicciye ibada ce ta Katolika da ake yawaita yi a lokacin azumi kafin Ista, inda masu bi ke tsayawa a matakai 14 suna tuna wahalar da Yesu ya sha bisa imanin Kirista: hukuncin Bilatus, ɗaukar gicciye, faɗuwa har sau uku, gamuwa da mahaifiyarsa, taimakon Siman Bakurane, matar da ta share masa fuska, matan Urushalima, tuɓe masa tufafi, kafa shi da ƙusoshi, mutuwa, saukar da jikinsa, da sa shi a kabari. A yawancin majami'u hotuna 14 ne daban-daban aka jera a bango, mutum yana tafiya daga wannan zuwa wancan.

Matisse ya tara su duka a bango ɗaya, bangon baya, wanda mutum ba ya gani sosai sai ya juya wa bagade baya zai fita. Ya sa wa kowane mataki lamba, labarin yana farawa daga ƙasa ta hagu yana hawa sama yana lanƙwasa kamar hanyar kan dutse, gicciyen kuma ya fi komai girma a sama ta tsakiya. Ido ne ke yin tafiyar da ƙafa ta saba yi.

Abin da ya fi ɗaga hankalin mutane shi ne layin. Dominik da Maryamu an zana su da dogon layi mai santsi da natsuwa, amma a nan layin a kakkarye yake, da kusurwoyi da karce, mutanen ciki kamar tsinke, wasu wuraren sai an duba lamba kafin a gane abin da ke faruwa. Wasu daga cikin masu kallon farko sun ɗauka aikin gaggawa ne ko alamar hannun da tsufa ya ci. Takardun gwajinsa sun nuna akasin haka, domin ya fara ne da nazarin zanen magabata irin su Mantegna da Rubens, ya yi siffofi cikakku masu tsoka da tufafi, sannan ya riƙa ragewa yana zubarwa har sai da alama kawai ta rage. Shi da kansa ya amsa cewa zanen yana da kaushi ƙwarai, kuma ya san zai ɓata wa da yawa rai.

A ganina wannan bangon ne ya hana majami'ar zama kyakkyawan ɗaki kawai. Mai zanen da ya taɓa cewa burinsa shi ne fasaha mai hutar da gajiyayye kamar kujera mai laushi, ya iso labarin da ba a faɗarsa da laushi, kuma bai yi ƙoƙarin ƙawata shi ba. Tagogin sun fi jan masu ɗaukar hoto, amma da ya zana azaba da santsin layin da ya zana furanni, da aikin ya yi ƙarya.

Me ya sa fuskokin ba su da ido ko baki?

Fuskar Dominik da ta Maryamu da ta yaron duk zagaye ne fanko, ko da yake Fada Couturier ne ya zauna aka zana Dominik daga jikinsa. Bayanin Matisse shi ne, idan aka sa ido da hanci da baki an ɗaure tunanin mai kallo a kan fuskar mutum ɗaya, idan aka bari kuwa kowa zai cika da abin da ke zuciyarsa. Ma'anar sai ta koma jiki da hannu. Yaron da ke gaban Maryamu a tsaye yake, ya buɗe hannayensa biyu, wanda za a iya karanta shi a matsayin marhabin, a kuma karanta shi a matsayin siffar gicciye. Fuska ɗaya tak ce ke da kamanni a cikin zanen nan uku, ita ce ta Yesu a jikin mayafin Veronika a mataki na 6, wato matar da al'adar Katolika ta ce ta share masa fuska sai hotonsa ya fito a ƙyallen. Labarinta ba ya cikin Linjila huɗu, daga al'adar ikilisiya ya zo.

Gaskiya ne akwai tasirin fasahar Musulunci a wurin?

Akwai, kuma Matisse bai ɓoye ba, domin ya taɓa faɗin cewa daga Gabas idonsa ya buɗe. Ya je Biskra a Aljeriya a 1906, ya ga babban baje kolin fasahar Musulunci a Munich ta Jamus a 1910, ya ziyarci fadar Alhambra a Sifaniya, sannan ya yi dogon zama har sau biyu a Tanja ta Maroko tsakanin 1912 da 1913. Amfani da tayil a bango, da maimaita siffar ganye har ta cika fili, da ƙofar ɗakin furta zunubi wadda aka huhhuda kamar tagogin katako na gidajen Larabawa, duk suna da alaƙa da wannan. Sai dai bai kamata a ja maganar ta kai ga cewa don haka ya bar fuskoki fanko ba, tun da ya yi hakan a zanen da ba na addini ba a shekarun nan, kuma ya faɗi dalilinsa. Ya kuma ga hotunan ibada na cocin Rasha a Mosko a 1911, sun burge shi matuƙa.

Shin ya koma addini ne a ƙarshen rayuwarsa?

Bai taɓa shelar haka ba, kuma bai yarda wani ɓangare ya mallake shi ba. A wani littafinsa da ya fito a 1947 ya tambayi kansa ko ya gaskata da Allah, ya amsa da cewa e, a lokacin da yake aiki. Ya riƙa bayyana cewa abin da yake so shi ne wanda ya shiga ɗakin ya ji an sauke masa nauyi, ko mai bi ne ko ba mai bi ba.

Abokansa 'yan gurguzu ba su ji daɗi ba. Pablo Picasso, wanda ya shiga jam'iyyar gurguzu ta Faransa a 1944, ya ce masa ya fi dacewa ya ƙawata kasuwa ya zana 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, yana ganin bai kamata mutum ya yi wa abin da bai gaskata da shi ba hidima. Matisse bai saurare shi ba. Abin lura shi ne a 1952 Picasso ya yi nasa babban zanen kan yaƙi da zaman lafiya domin wata tsohuwar majami'a da aka daina sujada a cikinta a garin Vallauris, duk a wannan yanki.

Yaya ikilisiya ta karɓi aikin?

Da rabuwar kai. Fada Couturier yana cikin masu cewa fasahar coci ta mutu a hannun masu sayar da gumakan filasta iri ɗaya, kuma gara a kira gwanin da ba shi da bangaskiya da a kira mai bangaskiyar da ba shi da gwaninta. Shi ne ya jawo manyan masu fasaha zuwa cocin Assy da ke yankin tsaunukan Alps, wadda aka keɓe a 1950, inda Matisse ma ya ba da zanen Dominik. A can rigima ta yi tsanani har aka cire gicciyen da Germaine Richier ta ƙera a 1951, kuma a 1952 fadar Batikan ta fitar da umarni mai jan kunne kan fasahar da ake sakawa a coci. A Vence ma wasu sistoci sun yi ɗari-ɗari, musamman da Hanyar Gicciye. Duk da haka Bishop Rémond na Nice ya keɓe majami'ar ranar 25 ga Yuni, 1951. Rashin lafiya ta hana Matisse zuwa, ɗansa Pierre ya wakilce shi, aka karanta saƙonsa inda ya ce aikin ya ci masa shekara huɗu cur, shi ne sakamakon dukan rayuwarsa ta aiki, kuma duk da kurakuransa yana ɗaukarsa a matsayin mafi girman abin da ya yi. Mai tsara gini Le Corbusier ya ziyarci wurin daga baya, ya rubuta masa wasiƙar yabo.

Har da rigunan fada ya tsara?

Har da su, kuma Picasso da ya kushe majami'ar ya yaba musu. Ya yi su da launuka shida da Katolika ke canzawa bisa lokutan shekarar ibada: fari, kore, ja, shunayya, baƙi da ruwan hoda. Da almakashi da takarda ya tsara su kamar tagogin, da ganye da taurari da gicciye. Jan da ya hana gilashi ta nan yake shigowa ɗakin, a jikin fada, a ranakun da aka keɓe masa.

Shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma ina ake ganin kayan da suka shafe shi?

Ba shi ne na ƙarshe ba. Bayan 1951 ya ci gaba da manyan ayyukan yankakkiyar takarda, ciki har da shuɗɗan siffofin mata na 1952 da hoton dodon-koɗi na 1953 da ke gidan tarihin Tate a Landan. Abin da ya kammala dab da rasuwarsa shi ne tsarin wata zagayayyar taga domin cocin Pocantico Hills a jihar New York, wadda iyalin Rockefeller suka nema don tunawa da Abby Aldrich Rockefeller. Ya rasu a Nice ranar 3 ga Nuwamba, 1954, aka binne shi a maƙabartar Cimiez. Sista Jacques-Marie ta rayu har 2005.

Majami'ar tana hannun sistocin Dominikan, ana sujada a cikinta, ana kuma buɗe ta ga baƙi a ƙayyadaddun lokuta, don haka ya kamata mai niyyar zuwa ya bincika ranakun buɗewa tun kafin ya kama hanya. Gidan tarihin Matisse da ke Nice yana ajiye da zanen gwaji masu yawa, gidan tarihin fasahar zamani na New York yana da rigunan fada da tsare-tsarensu, gidajen tarihin Batikan kuma sun keɓe ɗaki guda tun 2011 domin manyan tsare-tsaren tagogin da na zanen Maryamu, waɗanda Pierre Matisse ya ba su kyauta.